Song of the Sea: Fim Ɗin Da Ya Ba Maraya Izinin Kuka

Jama'a, in dai ana maganar fina-finan zane da aka yi wa yara a wannan ƙarni, ni gwanina Song of the Sea ne, kuma ko a gaban waye zan faɗa. Ku kawo na Disney, ku haɗa da na Pixar, ku jibge su da kuɗinsu da kwamfutocinsu. Ni dai ku bar ni da wannan ɗan fim na kimanin awa ɗaya da rabi, wanda wani ƙaramin kamfani mai suna Cartoon Saloon ya zana da hannu a garin Kilkenny na ƙasar Ayilan, ya fitar a 2014. Tomm Moore ne ya ba da umarni, Will Collins ya rubuta. Su biyun sun yi abin da manya da yawa ke gudu: sun zaunar da yaro, sun yi masa maganar rashin uwa. Ba su rufe shi da ƙarya ba, ba su kuma firgita shi ba.

Ina gargaɗi tun yanzu cewa zan taɓo ƙarshen labarin. Wanda ba ya son a ɓare masa gyaɗa kafin ya zauna, ya je ya kalla ya dawo, sharhin na nan yana jiransa.

Gidan da uwa ta bari

A wani ɗan tsibiri da ke gaɓar tekun Ayilan akwai doguwar hasumiya mai fitila, wadda ke nuna wa jiragen ruwa hanya da dare. Mai tsaronta sunansa Conor. Yana zaune da matarsa Bronagh, da ɗansu Ben mai shekara 4, da karensu Cú. Bronagh na da tsohon ciki. A daren da fim ɗin ya buɗe da shi, ita da Ben suna zana hotunan tatsuniya a bangon ɗakin da za a sa jariri, tana koya masa waƙa. Ta ba shi wata katantanwar teku mai kama da ƙaho, wadda in an busa take fitar da sauti mai daɗi, ta kwantar da shi tana yi masa albishir cewa zai zama yayan da babu kamarsa. Kafin gari ya waye, Bronagh ta shige teku ba ta dawo ba. Abin da Conor ya komo da shi gida jaririya ce, naɗe cikin wata farar riga.

Shekara 6 suka wuce. Jaririyar nan ita ce Saoirse, wadda ake furta sunanta Sirsha, kuma har yanzu ba ta taɓa cewa uffan ba. Conor ya zama gangar jiki kawai, yana nan kamar ba ya nan. Ben ya kai shekara 10, ba ya rabuwa da rigar kariya daga nutsewa ko da a tudu yake, don tsabar tsoron ruwan da ya tafi da mahaifiyarsa. Ƙanwar kuwa ko ganinta ba ya son yi. A lissafinsa na yaro, ranar da ta zo ita ce ranar da uwa ta tafi, saboda haka ita ce mai laifi. Ranar murnar zagayowar haihuwarta, wadda ita ce kuma ranar rashin, har fuskarta ya dulmiya cikin kek.

A nan na fara sallama wa fim ɗin. Da a hannun wasu ne, da sun mayar da Ben ɗan maraya salihi mai ban tausayi, wanda kowa zai so ya rungume. Moore ya ƙi. Ben na da tsiwa, yana da mugunta irin ta yara, yana tsorata ƙanwarsa da labarin mayya da dare, daga baya ma da igiyar kare yake ɗaure ta a ƙugu yana janta. Duk wanda ya taɓa zama a gidan da aka yi rashi ya san ba kowane yaro ne ke nuna ɓacin ransa da hawaye ba. Wani da faɗa yake nunawa, wani da taurin kai, har a riƙa ce masa fitinanne alhali ciwo ne ke cinsa.

A daren nan Saoirse ta ɗauki katantanwar ta busa. Wasu 'yan ƙyalƙyalin haske suka bayyana, suka ja ta har inda mahaifinta ya ɓoye wani akwati, ta buɗe ta tarar da farar rigar nan. Ta saka, ta gangara bakin ruwa, ta shiga. Kai, jama'a, wannan wurin! Yarinyar da a tudu take tafe shiru kamar baƙuwa a gidan ubanta, tana shiga ruwa sai ta rikiɗe ta zama 'yar farar sil, tana juyi cikin 'yan'uwanta, tana ratsa ciyayin ƙarƙashin teku da kifaye masu haske. Babu magana ko ɗaya a wurin, kuma ba a bukata. Kakarsu ta wajen uba, wadda ta zo daga birni, ita ta tsince ta a gaɓa cikin sanyi. Nan take ta yanke hukunci: wannan tsibiri ba wurin renon yara ba ne, Dublin za ta tafi da su. Conor ya kulle rigar a akwati, ya jefa teku har da makullin. Aka bar Cú a baya, Ben na kuka, kaka na cewa ba a kuka a motarta.

Selki da rigarta

Sil dabba ce ta tekun ƙasashen sanyi, jikinta sumul, kanta kamar na kare marar kunne, idanunta dara-dara masu kallon mutum kamar sun san shi. Wataƙila idanun nan ne suka sa mazauna gaɓar Ayilan da Sikotilan, har zuwa tsibiran Faro da Aisilan, suka ƙago labarin selki: halittar da a ruwa sil ce, in ta fito tudu ta tuɓe fatarta sai ta zama mutum. Yadda aka saba ba da labarin, wani masunci ne ke sace fatar ya ɓoye, selkin ta rasa hanyar komawa, ta aure shi, ta haifa masa yara. Ranar da ta gano inda fatar take, ranar ta koma teku ta bar su.

Dubi yadda Moore da Collins suka juya wannan tsohon labari. Sun bar wa namijin aikin ɓoye fata, amma sun canza masa dalili. Conor uba ne da teku ya riga ya ƙwace masa mata, yana tsoron ya ƙwace masa 'ya. Sannan suka ɗauke fitila daga kan miji da mata, suka haska ta kan waɗanda tatsuniyar ta saba mantawa, wato yaran da aka bari a gaɓa. Selki ta koma teku, to sai me ya biyo baya a gidan? Fim ɗin gaba ɗaya amsar wannan tambaya ce.

Asalin tunanin ma abin ji ne. Moore ya sha ba da labarin cewa sun je hutu yankin Dingle da ke gundumar Kerry, shi da ɗansa, wanda shi ma sunansa Ben, suka ci karo da gawarwakin sil a bakin ruwa. Da ya tambaya, aka shaida masa masunta ne ke kashe su don haushin ƙarancin kifi, aka kuma ce masa da can ba mai yin haka, saboda mutanen da suna ganin girman dabbar, suna tsoron taɓa ta. Sai ya fahimci cewa tatsuniya in ta mutu ba ita kaɗai take tafiya ba, da kunyar da ke tsakanin mutum da abin da ke kewaye da shi take tafiya. Shi ya sa ya ajiye labarin a 1987, lokacin da shi kansa yake ɗan shekara 10, lokacin da tsohuwar Ayilan ke ja da baya sabuwa na shigowa. Za ka ga Ben da 'yar rediyon kaset ta kunne, ka ga ƙananan aljanun ƙasar, waɗanda a da tsaunuka da dazuzzuka nasu ne, sun koma rakuɓe a cikin ciyayin wani shataletale a tsakiyar Dublin, motoci na zagaye su. Abin dariya ne, abin tausayi ne kuma.

Mayyar da ba ta son ganin hawaye

Yanzu mu zo kan abin da ya sa nake wa fim ɗin nan wannan irin so.

Kowane fim na yara yana da mugu. Na wannan fim Macha ce, mayya mai siffar mujiya. Tun farko muna jin labarinta a bakin Ben: tana aika mujiyoyinta da kwalabe, su zuƙe wa aljanu duk abin da ke ransu, su mayar da su duwatsu. Har ɗanta na cikinta, ƙaton basamuden teku Mac Lir, ta mayar da shi dutse, shi ne ma tsibirin da ake hangowa daga hasumiya. Muna ganin aikinta da idonmu a shataletalen nan, inda aljanu uku, Lug da Mossy da Spud, ke tsakiyar kiɗa da murnar sun sami Saoirse, selkin da waƙarta za ta mai da su gida, mujiyoyi suka dirar musu, suka daskarar da su. Saboda haka lokacin da Ben ya isa ƙofar gidanta don ceto ƙanwarsa da mujiyoyin suka ɗauke, mai kallo ya gama shirin haɗuwa da dodo.

Sai ga tsohuwa mai fara'a, tana yi masa maraba, tana ba shi wurin zama. Ta ba shi nata labarin. Mac Lir zuciyarsa ce ta karye, ya yi ta kuka har hawayensa suka zama teku, suna neman cinye duniya. Ita kuma uwa ce, ta kasa jure ganin ɗanta a haka, sai ta cire masa ciwon. Da ciwon ya fita, komai ya bi shi, ya zama dutse. Tun daga ranar take yi wa kowa wannan taimako, har kanta. Duk lokacin da ranta ya fara tashi sai ta zuƙe abin ta zuba a kwalba, jikinta kuma yana ƙara zama dutse daga ƙasa yana hawa sama. Gidanta cike yake da kwalabe, a kowace akwai ɗan hadari ko 'yar guguwa ko ruwan sama a kulle. Sannan ta dubi Ben ta yi masa tayi: ya bari ta ɗauke masa nasa, ya huta.

Wallahi ban san wani mugu a fim ɗin yara da ya kai Macha ban tsoro ba, domin da ƙauna take kashewa, kuma tayinta na da daɗin ji. Wane maraya ne zai ƙi a ce za a cire masa ciwon? Ben ma sai da ya yi jim. Amma tukunyar da ke tafasa, in ka danne mata murfi ba wutar ka kashe ba. Fim ɗin yana gaya wa yaro, da hoton da zai iya ganewa, cewa zuciya ba ta da famfo biyu, na daɗi daban na baƙin ciki daban. Wanda ya toshe ɗaya ya toshe duka.

Ga inda gwanintar ta kai ƙarshe. Macha da kaka mutum ɗaya ce ta yi muryarsu, Fionnula Flanagan, kuma an zana su da kama, hatta ɗakunansu suna kama da juna. Conor da Mac Lir ma murya ɗaya ce, ta Brendan Gleeson, wanda masu kallon Harry Potter suka sani da malamin nan mai ido ɗaya na tsafi. In ka lura da yadda Conor ke zama, kai a sunkuye, kafaɗu a zube, siffar tsibirin nan ce sak. Haka mai jirgin fito Dan da tsohon mai tatsuniya na ƙarƙashin ƙasa da za mu haɗu da shi nan gaba, duka Jon Kenny ne. Wato duniyar aljanun nan madubi ce ta gidan su Ben. Kakar da ta kwashe jikoki zuwa birni, ta hana kuka, take tura su barci tun rana ba ta faɗi ba a daren Halowin alhali sauran yara na waje suna shagali, ita ma uwa ce da ta kasa jure ganin ɗanta ya lalace. Fim ɗin bai tsaya ya yi wa kowa wannan bayani ba. Ya bar babba ya gane da kai, yaro ya ji a jikinsa.

Watanni kaɗan bayan fitowarsa, a 2015, Pixar ta saki Inside Out, wanda shi ma yake cewa baƙin ciki na da amfani. Fim ne mai kyau, ban raina shi ba. Amma shi da zanen ofis da maɓallai ya yi bayaninsa, kamar darasi a aji. Song of the Sea da uwa da ɗa ya yi nasa, da kwalba da dutse, abubuwan da ko shekara 500 da suka wuce aka ba yaro labarinsu zai gane.

Maganar kuma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mu mutane ne masu girmama haƙuri, kuma abin girmamawa ne. Sai dai sau da yawa a gidan makoki yaro ne ake fara rufe wa baki, a daina ambaton sunan mamacin a gabansa, wai don kada a tuna masa, kamar dama ya manta. Alhali an san Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Haƙuri da hawaye suna zama a zuciya ɗaya ba tare da sun kori juna ba.

Silin gashi, silin labari

Kafin Ben ya kai gidan Macha, sai da ya bi ta wurin da na fi so a fim ɗin. Bayan sun gudo daga Dublin suna neman hanyar gida, ruwan sama ya tare su a karkara, Saoirse ta fara rashin lafiya saboda rabuwa da rigarta, gashinta na yin fari. Ben, wanda jiya-jiya yake janta da igiya, ya goya ta ya ratsa ganyaye masu ƙaiƙayi suna cizon ƙafafunsa, har wata rijiya da mutanen yankin ke ɗauka mai tsarki, an kewaye ta da kyandira da gumakan coci. Irin waɗannan rijiyoyi suna nan birjik a Ayilan, kuma a cikinsu tsohon addinin ƙasar da Kiristanci suka cakuɗe. Ta cikin rijiyar nan Ben ya faɗa wani kogo, ya tarar da Babban Seanachaí.

Seanachaí a al'adar Ayilan shi ne ma'ajin tatsuniya da tarihin gari, wanda ake taruwa a gidansa da daren hunturu. Mutanen ƙasar ba su ɗauki wannan gado da wasa ba. A 1935 gwamnati ta kafa hukuma ta musamman don tattara shi, kuma daga 1937 zuwa 1939 aka sa yara sama da 50,000 daga makarantun firamare kusan 5,000 su je wurin tsofaffinsu su rubuto abin da suka ji. Moore ya ɗauki wannan ma'ajin tatsuniya ya mayar da shi wani tsoho mai mantuwa, wanda gashinsa da gemunsa suka cika kogo, kowane sili labari ne guda. Wane irin kai ne ke haifar da wannan tunani? Ben ya kama sili ɗaya yana bi cikin duhu, silin ya kai shi daren da aka haifi Saoirse. Ya ga mahaifiyarsa ta shiga ruwa don ta ceci abin da ke cikinta. Ya ga mahaifinsa ya miƙo masa jaririya, ya ga kansa yana ɗan shekara 4 ya juya mata baya. Ba wanda ya yi masa wa'azi. An nuna masa labarinsa ne kawai daga farko, abin da shekara 6 babu wanda ya zauna ya yi masa a gida.

Gani ya kori ji

Zanen kuwa, sai dai mutum ya gani. Adrien Merigeau, Bafaranshe, shi ne ya jagoranci fasalin hotunan, kuma da fentin ruwa aka yi shimfiɗar wuraren, shi ya sa sararin sama da teku suke da wannan danshi na ƙasar da ruwan sama ba ya ɗaukewa. Ba su damu da su sa abu ya yi kama da hoton kyamara ba. Tudu da hanya da gida a shimfiɗe suke kamar taswira, ko kamar shafin tsohon littafi mai ado. Hanyar da suka faro ke nan tun fim ɗinsu na farko, The Secret of Kells na 2009, wanda ya ɗauko salonsa daga littafin Linjila mai ado da aka rubuta da hannu wajen shekara ta 800, wanda yanzu yake ajiye a Kwalejin Trinity ta Dublin.

Ka lura da da'ira. Tsibiri a zagaye, fuskar Saoirse a zagaye, kogon aljanu, rijiya, hatta yadda uwa ke rungume ɗa. A jikin duwatsu akwai layuka masu murɗewa irin waɗanda aka sassaƙa a kabarin Newgrange shekara 5,000 da suka wuce. Da an shiga birni sai komai ya koma kusurwa huɗu, launi ya dushe, hayaƙi ya rufe. Ko tafiyar mota daga gaɓa zuwa Dublin, a kan taswirar da Ben ke zanawa da hannunsa muke ganinta, wadda da ita yake shirin gudowa gida. Ka tsayar da fim ɗin a duk inda ka ga dama, abin da ke allon ya isa a sa masa firam a rataye a bango. Saoirse kuma, da 'yan ɗigo biyu na ido da ɗan layin baki, tana faɗin abin da shafi guda na magana ba zai faɗa ba. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Kiɗan na Bruno Coulais ne, wanda ya yi na Coraline, tare da ƙungiyar makaɗan gargajiyar Ayilan mai suna Kíla. Sarewa, goge, ganga mai fuska ɗaya, babu hayaniya. Mawaƙiya Lisa Hannigan ce ta yi muryar Bronagh, ita ce kuma ke rera waƙar da fim ɗin ya ci sunanta, cikin Turanci da harshen Gelik na Ayilan. Waƙar nan ita ce ƙashin bayan labarin. Uwa ta koya wa ɗa, ɗa ya riƙe ta shekara 6 yana rowarta, kuma ita ce abin da ƙanwar ke bukata don ta rayu. David Rawle, yaron da ya yi muryar Ben, bai yi ƙoƙarin zama abin sha'awa ba ko kaɗan, shi ya sa ya zama.

Rabuwa ta biyu

Ƙarshen ne ya gama da ni. Saoirse ta busa katantanwa a gidan Macha, kwalabe suka farfashe, duk abin da tsohuwar ta kulle ya dawo mata lokaci guda. Ta rushe da kuka, ta gane ɓarnar da ta yi, ta sa karnukan Mac Lir su kai yaran gida cikin iska. Ba a kashe mugu ba, warkar da ita aka yi. A tsibiri, Conor ya sa 'yarsa a kwalekwale zai kai ta asibiti cikin hadari, domin shi har yanzu bai yarda rigar ce magani ba. Sai Ben, yaron da ko a tudu ba ya cire rigar kariya, ya cire ta, ya faɗa tekun da ya fi tsoro a duniya don ya ɗauko akwatin. Sil suka taimaka masa. Aka sa wa Saoirse rigarta, ta buɗe baki karo na farko a rayuwarta, kuma sunan yayanta ta kira.

Ben ya ɗora mata waƙar, ta karɓa. Duwatsu a faɗin ƙasar suka fara sakin aljanun da ke cikinsu, suna tashi kamar zinariya a sararin sama. Mac Lir ya miƙe daga barcinsa, shi da mahaifiyarsa da jama'arsu suka nufi Tír na nÓg, ƙasar da a tatsuniyar Ayilan ba a tsufa a cikinta. Bronagh ta bayyana. A nan kowane yaro zai ce to, Mama ta dawo. Fim ɗin ya ƙi yi masa wannan ƙaryar. Bronagh ba za ta zauna ba. Abin da kawai za ta iya shi ne ta bar musu Saoirse, wadda rabinta mutum ce, ta karɓi rigar ta tafi da ita. Ben, wanda ya shekara 6 yana fatan a ce ƙanwar ba ta zo ba, shi ne ke roƙon kada a tafi da ita. Abin da iyalin suka samu shi ne abin da dare ɗaya ya hana su a farko, wato sallama. Conor ya faɗa wa matarsa abin da ke ransa, Ben ya ji daga bakinta cewa ya riƙa tuna ta a labarai da waƙoƙi. Ta tafi, wannan karon suna kallo.

Na ji masu cewa fim ɗin na tafiya a hankali, wai yaran zamani ba za su zauna ba. Ni dai na ga akasin haka: yara sun fi manya haƙuri da labari in labarin yana girmama su. Gaskiya ɗaya da zan amsa ita ce, mujiyoyin Macha na iya razana ɗan shekara 4 ko 5, saboda haka a zauna kusa da shi. Iyayen da ke ɗari-ɗari da batun aljanu da mayu kuma su kwantar da hankali, tatsuniyar mutanen wata ƙasa ce, kuma yaron da ya san Gizo da Ƙoƙi ya san bambancin tatsuniya da aƙida.

Duniya ma ta yaba. An fara nuna shi a bikin fina-finai na Toronto a Satumbar 2014. Ƙasashe 5 ne suka haɗa hannu wajen yin sa: Ayilan, Faransa, Beljiyam, Denmak da Lukzambur. A 2015 ya ci kyautar gwarzon fim ɗin zane na nahiyar Turai, a gida kuma ya doke fina-finan 'yan wasa na zahiri ya zama gwarzon fim na shekara a Ayilan. Ya shiga jerin biyar na Oska, inda Big Hero 6 na Disney ya ɗauke kyautar, kuma har gobe ban huce ba. Wanda ya gama shi ya nemi The Secret of Kells, sannan Wolfwalkers na 2020, su ne cikon ukun da Moore ya gina a kan tatsuniyoyin ƙasarsa, kuma duka ukun sun kai zagayen ƙarshe na Oska.

Saura roƙona ga masu fassara mana fina-finan Indiya zuwa Hausa. Don Allah ku ɗan ajiye jaruman da ke dukan mutum 50 da hannu ɗaya, ku nemi izinin masu wannan fim, ku juya mana shi. Ku samo yaro mai tsiwa ya yi Ben, ku samo tsohuwa mai zaƙin murya ta yi kaka da Macha duka biyun, kada ku raba su. Sharaɗina ɗaya ne: inda aka yi shiru ku bar shirun, kada wani ya cusa barkwanci a wurin, waƙar Lisa Hannigan kuma ko kusa kada ku taɓa ta.